Kundin Aiki: Cike Giɓin Rigakafin Yaran Da Aka Kwantar A Asibiti

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau aka buɗe wannan kundi. Abin da aka ɗauko shi ne: duk yaron da bai kai shekara biyar ba da aka kwantar a ɗakin yara, ko sashen tamowa, ko ɗakin jarirai, a san matsayin rigakafinsa cikin awa 24 da ba shi gado. Sannan kada ya fita ƙofar asibiti ana bin sa bashin allurar da za a iya yi masa a ranar.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 a Najeriya ne suka samu muhimman allurai gaba ɗaya, kuma arewa maso yamma tana can ƙasa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya ce sama da yara miliyan biyu a ƙasar ba su samu ko Penta (allurar da ke kare cuta biyar) ta farko ba. Ana ƙona mai a babura ana bin ƙauyuka neman waɗannan yara, alhali wasunsu suna kwance a gadajen asibiti kwana biyar, kwana bakwai, uwa na zaune a gefe, firjin rigakafi kuma yana cikin harabar, babu wanda ya haɗa su.

An manna jadawalin hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a teburin ma'aikatan jinya. Da haihuwa BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna OPV, da allurar ciwon hanta. Sati 6 Penta, PCV ta ciwon huhu, OPV, ɗigon Rota na gudawa da IPV (allurar shan inna) ta farko. Sati 10 a maimaita huɗun farko. Sati 14 a sake maimaita su, a ƙara IPV ta biyu. Wata 6 bitamin A. Wata 9 ƙyanda, shawara da sanƙarau. Wata 15 ƙyanda ta biyu. A ƙarƙashin jadawalin an rubuta ƙa'idoji biyu da jan biro, domin su aka fi mantawa: tazara tsakanin Penta da Penta ba ta gaza sati huɗu, kuma ba a sake farawa daga tushe komai daɗewar yankewa. Yaron da ya yi Penta ɗaya yana wata biyu ya ɓace sai yana shekara ɗaya da rabi, Penta ta biyu za a yi masa.

Alhamis, 9 ga Janairu

An duba takardar karɓar majinyaci da ake amfani da ita. Gurbin rigakafi layi ɗaya ne, kuma abin da ake rubutawa a ciki kusan kullum kalma ɗaya ce, wai ya cika. Babu wanda ya ga kati. An yi hatimi na roba da za a riƙa bugawa a shafin farko na fayil, mai gurbi huɗu: an ga kati, ba kati sai bakin uwa, alluran da ake bin sa, ranar da aka yi. Hatimi ya fi sabon fom, domin fom ƙarewa yake yi a koma gidan jiya.

Laraba, 15 ga Janairu

Sati guda da fara tambaya, abu na farko da ya bayyana shi ne akasarin iyaye ba su zo da kati ba. Ba abin mamaki ba ne. Wadda ta ɗauko ɗa yana jijjiga da tsakar dare ba ta tsaya neman kati a ƙasan adaka. Don haka an ce a nemi mai kawo abinci daga gida ya zo da shi, ko a ɗauki hotonsa gaba da baya a turo ta WhatsApp zuwa wayar ɗaki. Hoton yana wadatarwa matuƙar ana iya karanta kwanan wata.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Tambayar "an yi masa rigakafi?" ba ta da amfani ko kaɗan. Kusan kowace uwa za ta ce an yi, kuma ba ƙarya take ba: 'yan shan inna sun shigo gida, sun ɗiga masa a baki, sun shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa. A wurinta rigakafi ke nan. Wannan ɗigo na zagayen gida-gida ba ya shiga lissafin jadawali. An sauya tambayoyin zuwa na jiki, kuma a jere suke:

"Baiwar Allah, a gida kika haife shi ko a asibiti? An taɓa yi masa allura a dantsen hagu wadda ta yi ɗan ƙurji ta bar tabo? An taɓa yi masa a cinya? Sau nawa kuka je? Cinya ɗaya ko duka biyun? Da ya fara rarrafe, an sake yi masa a dantse?"

Ana duba dantsen da ido. Tabo shaida ce ta BCG, amma rashinsa ba shaida ba ce, domin wasu yaran ba sa yin tabo ko an yi musu. Idan uwa ta ce sau uku suka je aka yi a cinya, ta kuma ambaci asibitin, ana karɓar maganarta. Idan ta yi ta kame-kame kuma babu kati, ana ɗaukar cewa ba a yi ba. Ƙarin allura ɗaya ga wanda ya riga ya samu ba ya cutarwa, rashinta ga wanda bai samu ba shi ne ke kawo shi ɗakin mashaƙo.

Shekaru ma sai da dabara. Inda babu ranar haihuwa ana bi ta ƙaramar Sallah da babba, da Maulidi, da shuka, da kakar gero. Iyakoki uku ne dole a tantance: sati biyu, saboda allurar ciwon hanta ta haihuwa da ɗigon farko, wata tara, da shekara ɗaya, wadda bayanta ba a yin BCG a tsarin yau da kullum.

Alhamis, 23 ga Janairu

Zama da likitoci da ma'aikatan jinya kan wanda za a yi wa da wanda za a jinkirta. Nan aka fi jan magana, domin yawancin abin da ake kira dalilin hanawa ba dalili ba ne. Mura, tari, zazzaɓi mai sauƙi, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, rama, haihuwar bakwaini, sikila, duk ba sa hana rigakafi. Mai sikila ma shi ya fi kowa buƙatar PCV da Penta, saboda saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata. Ma'aunin da aka tsaya a kai shi ne wanda tsarin kula da cututtukan yara na IMCI ya daɗe da koyarwa: yaron da ya samu sauƙin da za a sallame shi gida, ya samu sauƙin da za a yi masa rigakafi.

Waɗanda ake dakatawa a kansu kaɗan ne, kuma an rubuta su a kati ɗaya. Yaron da jikinsa ya taɓa yin mummunan bore nan take bayan wata allura, ba a sake ba shi irinta. Wanda ya yi jijjiga ko ya sheme cikin kwana uku da Penta, ko yake da ciwon ƙwaƙwalwa da bai lafa ba, likita ne zai yanke hukunci kan Penta ta gaba. Mai ƙanjamau da cutar ta bayyana a jikinsa ba a yi masa BCG ko ta shawara. Yaron da ke shan prednisolone mai yawa, miligiram 2 a kowane kilo a rana har sati biyu ko fiye, kamar masu ciwon ƙoda mai kumbura jiki, ana jinkirta masa alluran da ke da rayayyar ƙwaya sai wata guda bayan ya daina.

Sai ƙarin jini, wanda babu wanda ya taɓa sa shi a lissafi a nan, alhali ɗakin cike yake da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini. Jinin babba yana ɗauke da garkuwar ƙyanda, kuma wannan garkuwar aro tana iya kashe allurar kafin jikin yaro ya koyi komai. Ƙa'idar da aka ɗauka ita ce a jira wata shida kafin allurar ƙyanda. Penta, PCV, IPV, da ta shawara ba ruwansu da jinin, a yi su ranar sallama. An ƙara gurbi na biyar a hatimi: ranar ƙarin jini.

Mai gudawa da lokacin ɗigon OPV ya yi, a ɗiga masa, amma kada a ƙirga, a sake bayan sati huɗu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An fara yi. Ranar sallama aka zaɓa, ba ranar kwanciya ba, saboda dalili biyu. Zazzaɓin da Penta ke kawowa zai rikita likita kan ko ciwon asali ne ya dawo. Kuma OPV da Rota suna fita ta bayan gida, a ɗakin da gado ke manne da gado ana kwantar da yara biyu a katifa ɗaya. Sashen tamowa ne kawai ya fita daga wannan tsari.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Cikas na farko daga cikin gida ya fito. Sashen rigakafi yana buɗe BCG da ta ƙyanda rana ɗaya a sati, sallama kuwa kullum ake yi. Da aka tura uwa ranar da ba ita ba, sai a ce ta dawo. Wadda ta zo daga ƙauyen da kuɗin motarsa ya ninka tun bayan cire tallafin mai a 2023, wadda aka sayar da akuya aka biya kuɗin magani, ba za ta dawo don allura ba.

Tushen abin tsoron asara ne. Kwalbar ƙyanda ta mutum 10 ce, ta BCG ta mutum 20. Gari ne da ake haɗawa da ruwansa, kuma da zarar an haɗa, awa shida ke gare ta, ko ƙarshen zama, duk wanda ya riga zuwa. Ma'aikaciya tana ganin buɗe kwalba don yaro biyu ɓarna ce da za a tuhume ta a kai. Amma ƙa'idar ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne, kuma an riga an saka irin wannan asara cikin lissafin abin da ake turo wa kowace ƙaramar hukuma. An nemi jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya faɗi haka da bakinsa a gaban ma'aikata, ya kuma sa hannu a takarda. Maganar likitan ɗaki ba ta isa ta kwantar musu da hankali ba, domin ba shi ke karɓar rahotonsu na wata ba.

Don rage asarar kuma an daidaita lokaci. Zagayen likitoci yana ƙarewa wajen sha ɗaya, sai a miƙa sunayen waɗanda za a sallama. Kwalbar da aka haɗa ƙarfe tara a sashen rigakafi tana da rai har ƙarfe uku, don haka yaran ɗaki suna cin ragowarta. Ana rubuta lokacin haɗawa a jikin kwalbar. Wadda babu lokaci a jikinta, zubarwa ake yi, babu muhawara.

Masu ruwa irin Penta, OPV, IPV da ta ciwon hanta ba su da wannan matsala. Ana iya ajiye buɗaɗɗiyar kwalba har kwana 28 idan ba ta wuce wa'adi ba, tana cikin sanyin da ya dace, murfin robar bai nutse cikin ruwa ba, kuma alamar VVM, ɗan tambarin jikin kwalba da ke sauya launi in zafi ya taɓa ta, ba ta juya ba. An tarar wasu suna zubar da Penta kowace yamma, sun ɗauka dokar awa shida ta hau kan kowace kwalba. An gyara.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sanyi. An tarar da kwalaben Penta biyu manne da ƙanƙara a cikin kular da aka kawo ɗaki. Kowa yana tsoron zafi, amma a ɗan wannan nisa daskarewa ce ke kashe magani. Penta, PCV, IPV da ta ciwon hanta, in suka daskare sau ɗaya sun tashi aiki, kuma VVM ba ta nuna daskarewa, zafi kawai take gani.

An yi gwajin girgizawa. Ana ɗaukar kwalba ɗaya daga rukuni ɗaya da kamfani ɗaya, a daskarar da ita da gangan har ta yi tauri, a bari ta narke, a rubuta mata alama. Sai a riƙe ta tare da wadda ake zargi a hannu ɗaya, a girgiza daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a ajiye su a gaban haske. Idan wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar daskararriyar, ta lalace. Idan ta daɗe tana gauraye, lafiyarta lau. Gwajin ba ya aiki a kan IPV, domin ba ta da sinadarin da ke kwanciya. In ana zarginta, a cire ta kawai. Duka kwalaben biyu sun faɗi gwajin, an cire su an rubuta.

Gyaran: robobin ƙanƙara huɗu na kula ana fito da su a shimfiɗa a tebur, ba a sa su sai an girgiza an ji ruwa yana motsi a ciki. A sanyin hunturu wannan yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ma'aikaci mai sauri yake so, don haka mai aikin safe yana fito da su da zarar ya iso. Kwalabe suna shiga leda kafin su shiga kula. Buɗaɗɗiya tana zama a tsagar soson da ke saman kular, ba a kan ƙanƙara ba. Ruwan haɗi yana kwana a firji don kada ɗuminsa ya kashe garin, amma ba a daskarar da shi, kuma ba a aron ruwan wani kamfani.

Firjin sola ne, ana rubuta ma'auninsa safe da yamma, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Takardar ta nuna babu rubutu Asabar da Lahadi. An ɗora wa mai aikin ƙarshen mako na ɗakin yara, tunda shi yana nan.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An tattara abin da iyaye ke faɗi game da dalilin yankewa ko rashin farawa. Ƙin rigakafi ƙiri-ƙiri yana nan, kuma yana da tarihi: gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin arewa a 2003. Dattawa ba su manta ba. Amma a bakin gado ba shi aka fi ji ba. Abin da aka fi ji shi ne: "Babansa bai ba da izini ba." "Da aka yi ta farko ya kwana yana kuka, jikinsa ya yi zafi, kakarsa ta ce kada a ƙara." "Mun je aka ce babu." "Katin ya ɓata, na ji tsoron faɗan sista." "Ban san akwai saura ba." Waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu kuwa, asibitin da suka fara a can a rufe yake.

Maganar izini ta sauya lokacin aiki. Uwa ce ke jinya, amma uba ke zuwa da yamma ko ranar biyan kuɗi. An daina jiran ranar sallama kafin a tayar da zancen. Tun kwana na biyu ake cewa, "Malam, kafin ku tafi akwai alluran da ake bin yaronka, kyauta ne, muna son amincewarka." Kalmar kyauta dole a faɗe ta da wuri, domin mutumin da ya kwana uku yana sayen magani yana jin allura sai ya ji kuɗi. Inda kaka ce mai faɗa a ji, da ita ake yi: "Hajiya, jikan nan naki zai ɗan yi zafin jiki yau da gobe, alamar maganin ya kama ke nan. A ci gaba da ba shi nono, a rage masa kaya, ga farasitamol. In ya wuce kwana biyu ko ya ƙi kama nono, a kawo shi."

Ga masu jego an samu ma'auni mai sauƙi. Sati shida kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. "Kina gama wankan jego, kafin yawon arba'in, ki fara da asibiti." Wannan ya fi zama a kai fiye da kwanan wata na Bature. Matsalar ita ce mai haihuwar fari takan yi jegon a gidan iyayenta, ta fara a can, ta koma gidan miji ta ɗauka sai inda aka fara ake ƙarasawa. Ana gaya mata kati yana aiki a kowane asibitin gwamnati.

An kuma hana faɗa kan ɓatan kati. Sabo ake bayarwa, a sa a leda.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya shiga, ma'aikata suna raguwa bayan azahar. An dawo da miƙa sunaye ƙarfe goma. An ga katunan Nijar guda-guda daga masu zuwa ta ɓangaren Maraɗi, kuma wata ma'aikaciya ta rubuta wa ɗayansu "ba a yi ba" don ba ta gane rubutun Faransanci ba. An manna fassara: VPO shi ne OPV, VPI shi ne IPV, Pneumo shi ne PCV, VAR ƙyanda, VAA shawara.

Litinin, 17 ga Maris

An kwantar da yaro da tari da zazzaɓi a babban ɗaki, ƙuraje suka feso a kwana na uku. Ƙyanda ce, kuma lokacinta ne, ita da sanƙarau duka a zafin bazara suke tashi. Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan sun fito, ta iska, don haka kowa a ɗakin ya shaƙa. An keɓe shi, an sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, an ba shi bitamin A a ranar da washegari. Adadin, a ma'aunin bitamin na IU, bisa shekaru ne: 50,000 ga wanda bai kai wata shida ba, 100,000 daga wata 6 zuwa 11, 200,000 daga shekara ɗaya.

Nan hatimin ya biya kuɗinsa. Cikin ɗan lokaci aka zazzage fayiloli aka fitar da waɗanda ba su da allurar ƙyanda. Allura cikin awa 72 da haɗuwa tana iya hana cutar ko ta sassauta ta, don haka ba a jira sallama ba, duk ɗan wata shida zuwa sama da babu abin da ya hana an yi masa a ranar. Wanda aka yi wa kafin wata tara, allurar ƙari ce, ba ta shiga lissafi, zai sake a wata tara da wata sha biyar. Waɗanda aka ƙara wa jini kwanan nan an yi musu su ma, an rubuta a kati da babban baƙi cewa a maimaita bayan wata shida. Masu shan prednisolone mai yawa ba a yi musu ba, an kwashe su zuwa ɗaki na daban. Za a bi duk wanda ya kwana a ɗakin har kwana 21.

Sashen tamowa ya fito da sauƙi, saboda tun farko ƙa'idarsa ita ce allurar ƙyanda ranar kwanciya ga ɗan wata shida zuwa sama da ba shi da shaida, sai dai in yana cikin mawuyacin hali a jira ya farfaɗo. Ƙyanda a jikin mai tamowa kisa take yi, ko ta tafi da ido.

Kuskuren da aka gano: ba a tambayar ƙyanda a unguwa lokacin karɓar mai tari da jan ido. An ƙara tambayar.

Laraba, 26 ga Maris

Ɗakin jarirai. Bakwaini yana bin jadawali da ranar haihuwarsa ta ainihi, kuma adadin maganin ba ya raguwa don ƙanƙantarsa. Allurar ciwon hanta ta fi amfani cikin awa 24, domin ita ke tare cutar daga uwa, amma jaririn da aka haifa Juma'a da dare yana jiran Litinin. An sa kwalba ɗaya a ƙaramin firjin ɗakin haihuwa, tunda tana cikin masu kwana 28. BCG da ɗigon OPV sai ranar sallama. BCG 0.05 ml ce a cikin fata, ba ƙarƙashinta ba. In ba a ga ɗan kumburi mai kamar ɓawon lemo ba, allurar ta yi zurfi, kuma irin wannan ke kawo ƙurji mai ruwa da kaluluwa a hammata. Ma'aikata biyu kawai aka amince su riƙa yin ta har a horar da sauran.

An duba akwatin gaggawa da ke tafiya da kula: adrenaline, maganin mummunan boren jiki, mai ƙarfin 1 cikin 1,000, ana ba da 0.01 ml a kowane kilo a tsokar cinya. Wanda ke ciki ya kusa wuce wa'adi, an sauya. Bayan allura yaro yana zama minti 30 kafin a tafi, abin da ba shi da wuya ga mai jiran takardar sallama.

Talata, 8 ga Afrilu

Bayan hutun Sallah an zauna kan rubuce-rubuce. Alluran da aka yi a ɗaki suna cikin fayil da katin yaro, amma wasu ba su shiga rajistar sashen rigakafi da takardar ƙirga ba. Abin da bai shiga nan ba ba ya hawa DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya ta gwamnati, kuma a idon ƙaramar hukuma kwalaben sun fita babu yaran da suka ci. In aka ci gaba haka za a rage abin da ake turowa. Yanzu takardar ƙirga tana tafiya da kula, ana cike ta a bakin gado, wanda ya mayar da kula shi ke shigar da sunaye rajista kafin ya ajiye ta.

Yaran da suka haura shekara biyu sun kawo ruɗani, domin takardar ƙirga ba ta da wadataccen gurbi dominsu, wasu ma'aikata kuma har yanzu suna cewa "ya wuce lokaci". Shirin cike giɓi na duniya da aka ƙaddamar a 2023 ya kai har 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma annobar mashaƙo da ta tashi a Kano tun ƙarshen 2022 ta fi cin waɗanda aka ce sun wuce lokacin. Wanda ya warke daga mashaƙo ma sai an yi masa, domin ciwon ba kullum yake barin garkuwa ba. An nemi jagora a rubuce daga ƙaramar hukuma kan inda za a riƙa ƙirga su.

Saura abu uku a buɗe. Sallamar Asabar da Lahadi, da waɗanda ke ɗauke ɗansu da dare ba da izinin likita ba; an ba da shawarar a riƙa yi wa wanda ake sa ran sallamarsa a ƙarshen mako tun ranar Juma'a da safe, likitoci ba su gama amincewa ba. Sai allura ta gaba: yaron da aka yi wa Penta ta farko a nan yana buƙatar biyu a garinsu. Ana rubuta ranar da sunan asibitin da ya fi kusa da su a bayan kati, ana karɓar lambar waya biyu, ta uba da ta wani maƙwabci, amma babu wanda aka ɗora wa kiran, babu kuma kuɗin katin waya. Na uku, katunan rigakafi sun kusa ƙarewa, an rubuta takardar neman ƙari tun makon jiya. Zama na gaba Talata, 15 ga Afrilu, da jami'in rigakafi da shugabar ma'aikatan jinya, a kan wanda zai riƙe wayar.